Tambaya da Amsa: Bangaskiya Kaɗai Ke Ceto, Ko Sai da Ayyuka?

Tambaya: Ni 'yar ECWA ce, wanda zan aura kuwa ɗan Katolika ne. Kullum gardamarmu ɗaya: na ce bangaskiya kaɗai ke ceto, ya ce sai an haɗa da ayyuka. Ina ainihin bambancin yake?
Daga wata mai karatu, Agege, Legas

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara cire zaton cewa Katolika suna sayen ceto da aiki. Ba koyarwarsu ba ce. Ɓangarorin biyu sun yarda ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu.

Inda aka rabu shi ne kalmar "baratarwa". A wurin Furotesta (ECWA na cikinsu), tun daga Martin Luther da ya ta da maganar a Jamus a 1517, baratarwa hukunci ne: Allah ya lissafa wa mai bi adalcin Almasihu, an gama. Ayyukan kirki kuma 'ya'yan itace ne da ke biyo baya, ba saiwa ba. Madogararsu Romawa 3:28 da Afisawa 2:8-9.

Katolika kuwa, kamar yadda babban taron shugabannin cocinsu a garin Trent ya zayyana a 1547, suna ganin baratarwa ta haɗa da sabunta zuciya. Tana farawa a baftisma, tana ƙaruwa yayin da mutum ke ba alherin Allah haɗin kai. Babban zunubi yana yanke ta, sai a maido ta ta wurin furta zunubi gaban fada, wato firist. Suna kafa hujja da Yakubu 2:24 da Galatiyawa 5:6.

Kin ga abin da ke kawo muku rikici: sabunta zuciyar da ku Furotesta kuke kira tsarkakewa, shi ya riga ya sa shi cikin baratarwa. Kalma ɗaya kuke faɗi, ma'ana biyu. A 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Lutheran (mabiya koyarwar Luther) sun sa hannu kan cewa da alheri kaɗai ake karɓar mutum, amma wannan bai ɗaure ECWA ba.

Shawararmu: ku karanta Afisawa 2:8-10 tare, kada ku tsaya a aya ta 9. Sa'an nan, kafin a sa rana, ku ga fasto da fada. Dokar Katolika ta buƙaci wanda za ki aura ya nemi izinin bishop, ya kuma yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'yanku baftisma, a rene su a Katolika. Dole ne a sanar da ke wannan alkawari kafin ɗaurin aure.