Amsa kan tikitin kamfanin jirgin da ya durƙushe

Malam, ka tambaya ko ƙanenka zai samu kuɗin tikitin da ya saya daga kamfanin jirgi mai arha da ya rufe kwatsam, kuma gaskiya abin da wuya. Irin waɗannan kamfanoni ribarsu ƙanƙanuwa ce, jiragensu galibi na haya ne, kuma da dala suke sayen mai, don haka da farashi ya tashi sai asusu ya ƙone. Haka ya faru da WOW air na ƙasar Aislan ranar 28 ga Maris 2019, inda fasinjoji suka wayi gari babu jirgi.

Idan kotu ta zo raba abin da ya rage, ma'aikata da masu bashi mai jingina ake fara sallama, fasinja kuwa yana can ƙarshen layi. Saboda haka a duba yadda ya biya. In da katin banki ne, ya rubuta wa bankinsa tun yau yana neman a mayar masa da kuɗinsa, ya haɗa da rasit da shaidar soke tafiyar. In kuwa tsabar jikkuna ya ƙirga wa ajans, wato ofishin masu sayar da tikiti, a nan Maraɗi, kamar yadda yawancinmu muke yi, ya koma can da rasit ɗinsa, ya tambaya ko sun riga sun tura wa kamfanin jirgin kuɗin.