Amsa ga ƙanena na Gombe da ke son zuwa Morgan State

Salam ƙanena, ya Gombe, ya zafi, ya su Hajiya da yaran? Saƙonka ya iso. In na fahimce ka tambaya uku ka yi: wai Morgan State ɗin nan da kake gani a YouTube makarantar kirki ce ko talla ce kawai, wane ne ke riƙe da ita, sannan ko ka sayar da filinka na Tumfure ka biya kuɗin shekarar farko ta PhD tunda kana da mastas ɗin injiniya daga jami'ar ATBU ta Bauchi. Ta ukun ce mai zafi, ita zan fara amsawa. Dan Allah kar ka taɓa filin nan. Sauran kuma bari in baje maka su, in ka gane yadda makarantar ke tafiya kai da kanka za ka ga ta ina ƙofarka take.

Morgan State jami'ar gwamnatin jihar Maryland ce, tana cikin garin Baltimore ta arewa maso gabas, ba a bayan gari take ba kamar yadda aka kai harabar ATBU ta Gubi, unguwanni ne suka kewaye ta, bas na bi ta ƙofarta. Tsohuwa ce sosai. A 1867 ƴan cocin Methodist suka kafa ta don horar da baƙaƙen fata masu wa'azi, shekara biyu kenan da gama yaƙin basasar Amurka, a 1890 aka sa mata sunan Morgan, jihar ta saye ta a 1939, sai 1975 ta zama cikakkiyar jami'a. Tana cikin makarantun da ake ce wa HBCU, wato waɗanda aka gina wa baƙaƙe lokacin da makarantun Turawa ba sa karɓarsu. Har yau yawancin ɗalibanta baƙaƙe ne, kuma suna ji da wannan tarihin ba kaɗan ba, ɗalibanta ne suka yi zaman dirshan a kantin Read's a 1955 saboda an hana baƙaƙe zama su ci abinci a ciki. In ka zo kana yi musu kallon "ai duk baƙaƙe ne irinmu" ba tare da ka san wannan ba za ka yi ta taka mutane baka sani ba.

Toh maganar shugabanci. Sunansa David Wilson, shi ne shugaba na 10, ya hau a watan Yulin 2010 kuma wanda ya gada, Earl Richardson, tun 1984 yake kai. Ka lissafa da kanka, mutum biyu kacal a sama da shekara 40. Mu a gida VC ɗin jami'ar tarayya shekara biyar ce zango ɗaya, shekarar farko yana koyon ofis, ta ƙarshe ana rigimar wa zai gaje shi, a tsakiya kuma ga yajin aikin ƙungiyar lakcarori ta ASUU, ka tuna 2022 wata takwas cur makarantu a rufe. Ban ce zango ɗayan ba shi da amfani ba, mun san abin da ya sa aka kawo shi, amma a ganina babban abin da ya ɗaga Morgan shi ne mutum ya zana tsari kuma ya zauna har ya ga ƙarshensa. Shi Wilson ɗan ƙauye ne daga Alabama, iyayensa noman kashi-mu-raba suke yi a gonar wasu, ya yi Tuskegee sannan ya yi dakta a Harvard, ya riƙe manyan muƙamai a Wisconsin kafin ya zo nan. Yana yawan faɗin tarihin talaucin nan nasa a taro, wani lokacin har ka ce ya isa haka, amma masu kuɗi da ƴan majalisar jiha suna saurarensa, kuma aikin shugaban jami'a a ƙasar nan rabinsa neman kuɗi ne. A samansa akwai hukumar gudanarwa ta makarantar ita kaɗai, gwamna ke naɗa mambobinta, don Morgan ba ta cikin gungun sauran jami'o'in jihar, kanta take ci. A ƙasansa akwai furobos mai kula da karatu, sai su din, wato shugabannin kowace tsangaya.

Kuɗin kuwa sun shigo, wannan ba talla ba ce. MacKenzie Scott, tsohuwar matar mai Amazon, ta ba su dala miliyan 40 a 2020, ta ƙara miliyan 63 a 2025. Akwai wani Calvin Tyler da ya bar makarantar a 1963 saboda ba kuɗin makaranta, ya koma tuƙin motar kai kaya a UPS har ya zama babba a kamfanin, shi da matarsa suka ɗaga alƙawarinsu zuwa miliyan 20 a 2021 don tallafa wa ɗalibai, yanzu akwai gini guda da sunansa. Sannan a 2021 ɗin dai jihar Maryland ta amince ta biya dala miliyan 577 cikin shekara goma ga makarantun baƙaƙe huɗu na jihar, bayan doguwar shari'a da aka fara tun 2006 kan cewa an daɗe ana danne su ana kwafar kwasa-kwasansu ana kai wa makarantun Turawa na kusa. Morgan na cikin huɗun. Ɗalibai kuma shekaru da yawa suna tsakanin dubu 7 zuwa 8, amma a 2024 sun haura dubu 10, abin da ba su taɓa yi ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don duk wancan tarihi ne, wannan shi ya shafe ka. A Amurka ana jera jami'o'i gwargwadon binciken da suke yi, na ƙoli ana ce musu R1, na biye R2. Morgan ta shiga R2 a 2018, kuma Wilson ya fito fili ya ce R1 suke nema kafin 2030. Sharaɗin tun daga 2025 abu biyu ne, makaranta ta kashe aƙalla dala miliyan 50 a bincike a shekara, kuma ta yaye aƙalla mutum 70 masu digirin dakta na bincike a shekara. Howard da ke Washinton ta samu a 2025, kuma kasan yadda ake gasa tsakanin maƙwabta. Ka ga kenan makarantar tana BUƘATAR masu PhD, ba alfarma take yi maka ba. Lakcarorin da suka ciwo kuɗin bincike daga gwamnatin tarayya suna neman wanda zai zauna a lab ya yi aikin, kuma yaran Amurka da yawa in sun gama digirin injiniya aiki suke kamawa don albashi ya fi, ba sa son ƙarin shekara huɗu ko biyar a kan ɗan alawus. Wannan giɓin shi ne ƙofarka. Shi ya sa na ce maka ka bar fili, wanda ya biya wa kansa PhD ɗin injiniya a nan ya biya abin da ya kamata a biya shi ne a kai.

Abin da ake nema sunansa asistanshif, ko dai ka taya farfesa bincike ko ka taya koyarwa, su kuma su ɗauke maka kuɗin makaranta su riƙa ba ka alawus. Ba Wilson ke bayarwa ba, wataƙila har ka gama baka taɓa gaisawa da shi ba. Farfesa ɗaya ne mai kuɗin bincike a hannu zai ce ina son wannan yaron. Don haka ka shiga shafin makarantar injiniyarsu, ka duba sunayen malaman sashenka, ka nemi takardun da suka wallafa a shekara biyun nan, ka karanta da gaske, ba taken kawai ba. Suna da ƙarfi a harkar sufuri da tituna, akwai cibiyar bincike guda a kan haka, kuma kai da ka yi aikinka a kan ƙasar da ke kumbura tana fasa titi da gini, wallahi kana da abin faɗa, wa ya kai ɗan Gombe sanin zaizayar ƙasa da kwari? Ka rubuta imel gajere, sakin layi uku ya isa, ka ce ga abin da na karanta naka, ga abin da na yi, ga abin da zan iya yi maka. Banda doguwar gaisuwa da "ka taimake ni don Allah ni maraya ne", a nan ba ta aiki, sai ma ta sa a rufe imel ɗin. Kuma kar ka tsaya a Morgan kaɗai, ka aika wa wasu makarantun masu irin wannan yunwar.

Na san abin da ya sa sunan Morgan ya yi yawo a wajenmu. A 2020 TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ta ƙulla yarjejeniya da su don tura lakcarorin Najeriya yin PhD, lokacin Farfesa Suleiman Bogoro namu na Bauchi ke shugabancin asusun, kuma mutane sun zo ta wannan hanyar. Amma daga farkon 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje, dalilin da suka bayar shi ne tsadar dala da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Saboda haka in wani ya ce maka yana da hanya ta nan ka kawo kuɗi, ka riƙe aljihunka.

Sai kuma abin da bidiyon ba zai nuna maka ba. Girman nan da sauri ya zo, kuma ka san yadda Gombe ta yi bayan 1996 da ta zama babban birnin jiha, mutane suka cika gari kafin gidaje su ishe su, haya ta tashi. Haka ya faru a nan, har sai da makarantar ta kama otal a cikin gari ta zuba ɗalibai, ta gina sabon hostal mai sunan Thurgood Marshall a 2022 amma masu digirin farko ake fara dubawa. Kai ɗan PhD gidan haya za ka nema a waje, kuma haya ita ke cinye mafi yawan alawus, dole ku haɗu ku biyu ko uku a gida ɗaya. Maganar ka taho da iyali a shekarar farko ka ajiye ta tukuna, matar mai bizar karatu ba a yarda ta yi aiki ba, kai kanka awa 20 a sati aka yarje maka kuma a cikin makaranta, asistanshif ɗin ma ya cinye su. Duk mai ce maka za ka riƙa tuƙa Uber da dare kana turo dala gida yana so ne a kore ka daga ƙasar.

Tsaro ma gara ka ji daga bakina. Baltimore gari ne da mutanensa ba su kai dubu 600 ba amma daga 2015 zuwa 2022 duk shekara ana kashe sama da mutum 300, abin ya ragu sosai daga 2023 zuwa yanzu, Alhamdulillah. A cikin makarantar ma an yi harbi a Oktoban 2023 lokacin bikin tsofaffin ɗalibai, mutum biyar suka ji rauni, daga nan aka ƙara tsaro. Ba wai kullum ana gudu ba ne, mutane na zuwa aiki suna dawowa lafiya, amma unguwa da unguwa akwai bambanci kamar dare da rana, layi biyu kawai ke raba su wani lokacin, kar ka kama gida ta intanet don ka ga araha sai wani ya je ya gani maka. Masallatai akwai, naman halal akwai, ƴan Najeriya kuwa jihar nan cike take da su duk da Yarbawa da Ibo sun fi yawa. Sanyin Janairu ne dai ba ruwansa da hunturun da ka sani, ka zo da shirin sayen rigar sanyi a nan.

Biza kuma ita ce babbar katangar yanzu, ta fi adimishan wuya. Sai makaranta ta ba ka takardar I-20 mai shaida ta ɗauke ka, ka biya kuɗin rajistar ɗaliban waje na SEVIS dala 350, ka biya kuɗin biza dala 185, sannan intabiyu a Abuja ko Legas. Tun Yulin 2025 aka rage yawancin bizar ƴan Najeriya ta koma shiga ɗaya ta wata uku, kuma daga nan ƙara tsanantawa aka yi ta yi, don haka kafin ka kashe ko sisi a kan tantance takardu ko jarrabawar Turanci ka shiga shafin ofishin jakadancin da kanka ka karanta abin da ake ciki a ranar, ba abin da ejan ya gaya maka ba. In ƙofar a rufe take, farfesan da ya yarda da kai zai iya ɗage maka zuwa wani zangon, kuma wannan imel ɗin da ka gyara shi za ka aika Kanada ko Malesiya ko jami'ar KFUPM ta Saudiyya, can ma akwai masu biyan ɗan PhD.

Ka fara neman tiranskirif ɗinka a ATBU tun yanzu don ka san ba a rana ɗaya yake fitowa ba, ka kuma sami malamai uku da za su rubuta maka takardar shaida waɗanda suke duba imel ɗinsu, ba wanda sai ka bi shi gida ba. Ka turo min CV ɗin da taƙaitaccen bayanin aikin mastas ɗinka shafi ɗaya in duba kafin ka aika wa kowa. A gaida Hajiya, ka ce mata ban ba ka shawarar sayar da komai ba.