Sabon direba a Birnin Kebbi: wace inshorar mota ce ta fi sauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da koyon tuƙi ba, na sayi Corolla 'yar Kwatano da nake zuwa aiki da ita a cikin Birnin Kebbi. Wani ya ce zai haɗa mini takardar inshora a kan Naira 5,000, wani kamfani kuma ya ce in kawo 200,000. Wacce ce ta gaskiya, kuma wacce aljihuna zai iya ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Ta 5,000 ɗin nan ka fita harkarta. Tun ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ƙayyade Naira 15,000 a shekara a kan ƙaramar inshorar motar gida, wadda za ka ga an rubuta Third Party a jikin takardarta. Wannan kuɗin ba a tayawa, kuma ɗaya ne ga wanda ya fara tuƙi jiya da wanda ya tsufa a bayan sitiyari. Duk wanda ya sallama maka ƙasa da haka, takarda kawai ya buga maka, babu kamfanin da ke bayanta. Ranar da tsautsayi ya faɗa za ka gane, domin ba wanda zai biya ko sisi.

Ita wannan ƙaramar ce doka ta wajabta, kuma tun 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka matsa wajen dubawa. Aikinta shi ne biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Ka ɗauka kana fitowa daga kwana a kan titin Ahmadu Bello, ƙafarka ta zame daga birki, ka daki bayan wata mota, bamba ta tsage, fitila ta fashe. Kamfani ne zai gyara wa mai motar, har zuwa Naira miliyan 3 a kan dukiya. In kuwa mutum ne ya ji rauni, misali ɗan kabu-kabu ko fasinjansa, ko aka rasa rai, Allah ya kiyaye, nan ma kamfani ne ke ɗaukar diyya. Taka motar dai kai za ka gyara abarka. A ganinmu wannan ita ce ta fi dacewa da sabon direba mai ƙaramin ƙarfi, domin abin da ke karya mutum shi ne ya daki motar da ta ninka tasa kuɗi.

Ta 200,000 kuwa cikakkiya ce, ana rubuta mata Comprehensive. Tana ɗaukar gyaran motarka, da gobara, da sata. Ƙa'ida ita ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, don haka motar miliyan 4 tana kama 200,000. In darajar motarka ta kai haka, ba cutarka aka yi ba. In da bashi ka sayi motar, ko kuma kana yawan bin hanyar Jega da Argungu, ta cancanci kuɗinta. Sai dai kada ka rage darajar motar don a sassauta maka. Kamfani zai biya ka ne gwargwadon abin da ka faɗa. Ka kuma tambayi nawa ne kason da za ka fitar daga aljihunka a kowane gyara, saboda wasu kamfanoni suna ƙara shi ga sabon direba. Akwai ta tsakiya da ke haɗa ƙaramar da gobara da sata, ita ma ka nemi farashinta.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, duk ƙarƙashin NAICOM. Gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya, a tallafa wa wanda abu ya sama, in an samu rara a raba.

Wajen saye, ka biya kuɗi kai tsaye cikin asusun kamfani, ba hannun masu zama a bakin ofishin lasisi ba. Ka duba lambar mota da lambar shasi a jikin takardar, harafi ɗaya in ya kauce zai jawo maka jayayya. Sannan, don tabbatar da cewa inshorar ta gaskiya ce, ka danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga askniid.org, ka saka lambar motar. In bayan 'yan kwanaki ba ta fito ba, koma wurin wanda ya sayar maka.

Idan hatsari ya auku, ɗauki hoton motocin a inda suke kafin a matsar da su, ka karɓi lambar wayar shaidu, ka nemi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfani a ranar. Mun san al'adarmu ta a taru a sasanta a bakin titi, amma kada ka yi alkawarin biya, kada kuma makaniki ya taɓa motar kafin wakilin kamfani ya gani. Ga abu biyu da ke sa a hana mutum haƙƙinsa: tuƙi ba lasisi mai aiki, da ɗaukar fasinjan haya a motar da aka yi wa inshorar motar gida. In takardar koyo ce har yanzu a hannunka, gaya wa kamfani tun kafin ka biya.