Amsa: shin kaunti a Amurka daidai yake da ƙaramar hukuma?

Malam, tambayarka kan ko kaunti daidai yake da ƙaramar hukuma irin tamu, eh to akwai kama amma ba gaba ɗaya ba. Bari in ba ka misali da kauntin Loving a jihar Teksas, ɗaya daga cikin kaunti 254 da jihar ke da su. A ƙidayar 2020 mutum 64 kacal aka samu a cikinsa, alhali faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,750, busasshiyar ƙasa ce da rijiyoyin mai birjik, kogin Pecos ta yamma, iyakar jihar New Mexico ta arewa.

Duk da haka suna da ginin kotunsu a garin Mentone tun 1935, kuma a can ginin kotu ba shari'a kaɗai ake yi a ciki ba, nan ne sakatariya, nan ake ajiye takardun filaye, a yi rajistar aure. Mai riƙe da mulki ana ce masa alƙalin kaunti amma kusan aikin ciyaman yake yi, shi da kwamishinoni 4 su ke zama su yanke kasafin kuɗi da harajin kadarori da gyaran hanya, duka zaɓarsu ake yi, har shugaban 'yan sandan wajen ma da ƙuri'a yake hawa. Wallahi wannan ne ya fi burge ni, don mu kam DPO turo mana shi ake yi daga sama.