Ƙwayar tsotsa ta furobayotik za ta hana dasashina zubar jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 41, ina zaune a Bolari cikin garin Gombe. Kusan wata shida ke nan, duk sanda na yi aswaki ko buroshi sai dasashina ya yi jini, ga ɗan warin baki. Wata ƙawata mai sayar da kaya ta WhatsApp ta kawo mini wata ƙwaya da ake tsotsa, wai furobayotik, ta ce Turawa sun yi bincike sun gano tana hana ciwon dasashi. Tana da tsada ƙwarai. Da gaske ne? In kuma ƙwayoyin nono ne a ciki kamar yadda ta ce, kindirmon da nake sha bai wadatar ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce an yi bincike, sai dai ta faɗi rabi ta bar rabi.

A bakin ɗan Adam akwai bakteriya kusan iri 700, kuma yawancinsu zaman lafiya muke yi da su. Matsala tana farawa ne idan farin dattin nan mai yauƙi ya taru a gindin haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Masu cutarwa su samu wurin zama, dasashi ya kumbura ya fara jini. Tun 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya gwada wannan a ƙasar Danmak: ya sa mutane masu lafiyar baki suka daina goge haƙora, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kamar mako guda. In aka bar dattin ya daɗe sai ya daskare kamar dutse. Daga nan ba aswaki ko buroshin da zai cire shi, sai ƙarfen likita.

Furobayotik kuwa bakteriya ne masu rai, masu amfani, da ake sa wa a baki da fatan su yi wa miyagun cunkoso, su ƙwace musu abinci da wurin zama. Wadda aka fi gwadawa a kan dasashi sunanta Lactobacillus reuteri.

To me aka gani? A 2013 Farfesa Wim Teughels na jami'ar Leuven ta Beljiyam da abokan aikinsa na Turkiyya sun fitar da wani gwaji a kan mutum 30 masu tsananin ciwon dasashi. Dukkansu sai da aka kankare musu haƙora har ƙarƙashin dasashi, sannan rabi suka riƙa tsotsar ƙwayar gaske sau biyu a rana har mako 12, rabi kuma ta bogi marar komai a ciki. Ramukan da ke tsakanin haƙori da dasashi sun fi raguwa ga masu tsotsar ta gaske. Ki lura da kyau, Hajiya, an wanke musu haƙora tukuna. Wannan shi ne ɓangaren da masu talla ba sa faɗa. Wani gwajin na Istanbul a 2015 shi ma ya ga amfani, amma bayan 'yan watanni an daina samun bakteriyar a bakin mutanen. Ashe baƙuwa ce, ba ta zama 'yar gida.

Wanda ya fi kama da halinki shi ne na birnin Madrid a 2012, mutum 40 masu kumburin dasashi na matakin farko. Wasu miyagun bakteriyar sun ragu, amma kumburi da jinin ba su bambanta da na masu tsotsar ta bogi ba. Da Tarayyar Likitocin Dasashi ta Turai ta zauna ta tattara gwaje-gwajen da suka cancanta, bambancin da ta gani a zurfin ramukan bai kai rabin milimita ba, sai a 2020 ta ba likitoci shawarar kada su haɗa furobayotik cikin jinyar tsananin ciwon dasashi. Ba don yana cutarwa ba, a'a, hujjar ce ba ta yi ƙwari ba: mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin gajere, kowane gwaji da irin ƙwayarsa.

Kindirmo abinci ne mai kyau, ki ci gaba da sha, a rage suga kawai. Amma ba ki san wane irin bakteriya ne a cikin ƙwaryar ba, ba ki san yawansu ba, kuma haɗiyewa ake yi nan take, ba ya daɗewa a gindin haƙori.

Da ƙanwata ce ke, cewa zan yi ki ɗauki kuɗin nan ki je sashen haƙori, misali na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a auna dasashin a wanke haƙoran. Ramin lafiyayye milimita 1 zuwa 3 ne, in ya kai 4 ko fiye to ciwon ya fara cin abin da ke riƙe da haƙori, kuma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Bayan haka ki riƙa buroshi mai laushi da man goge baki safe da dare, ki riƙa sakace tsakanin haƙora da zaren da aka yi don haka. Aswaki ma yana da kyau in an bi kowane haƙori ciki da waje. Kada ganin jini ya sa ki kauce wa wurin, nan ne ya fi buƙatar gogewa.

Jinin wata shida a shekara 41 ya isa a duba miki suga, domin ciwon suga da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi. In kina da juna biyu ko kina shan maganin hawan jini, ki gaya wa likitan, wasu magungunan kan sa dasashi ya yi kauri.

In bayan duk wannan kina da hali kina son gwada ƙwayar, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da sunan bakteriyar a jikin kwalin. Ki kuma tambayi ƙawarki inda take ajiye ta, don abu ne mai rai, kuma zafin Gombe na watan Maris da Afrilu yana iya kashe shi tun kafin ya iso hannunki.