Dokina ya zo na ɗaya, an soke shi saboda nauyin joki: ina kuɗina?

Malam, ka ce dokin da ka zaɓa ya riga kowa tsallake layi, bayan 'yan mintuna aka sanar an soke shi domin jokin, wato mahayinsa, bai cika nauyi ba, kamfanin cacar kuma ya rubuta maka faɗuwa. Kana tambaya ko cutarka aka yi. Ba a cuce ka ba, haka ƙa'idar take kusan ko'ina.

Sau biyu ake auna joki. Kafin tsere yana hawa sikeli da sirdinsa, da majayi, da takalmansa, da wani mayafi mai aljihuna da ake cusa wa faifan dalma har nauyin ya kai abin da aka yanka wa dokin. Hular kwano da bulala da linzami ba sa shiga awo. Bayan tsere, mahayan da suka zo a gurbin kyauta suna kwance sirdi da hannunsu su koma sikelin. A Birtaniya, in joki ya gaza abin da aka auna shi da farko da fiye da laba 1, wato kusan giram 454, jami'in sikeli zai kai ƙara gaban alƙalan tsere, su kuma su soke dokin. A Ostireliya rabin kilo ne rangwamen. Ba a duba niyya, ba a duba ko da tazara nawa ya ci. Wanda kuwa ya dawo da nauyi fiye da ƙima, shi za a tuhuma, amma dokin yana riƙe matsayinsa, tunda bai ci riba da ƙarin kaya ba.

Gumi kaɗai ba kasafai yake janyo wannan ba, don shi aka bar rangwamen. Abin da ya fi faruwa shi ne mayafin dalmar nan. Joki ya gama awon farko ya miƙa kaya, wanda zai ɗaura sirdi ya manta mayafin a rataye, ko kuma majayi ya yi sako-sako mayafin ya zame ta baya ana tsakiyar gudu. Nan take laba biyar ko goma ta tafi. Akwai kuma jokin da murna ta ɗebe shi ya wuce ɗakin canja kaya bai hau sikeli ba, shi ma hukuncin ɗaya ne. Kada ka raina laba ɗaya: masu yanka nauyi suna lissafin kusan laba 2 a matsayin tsawon doki guda a tseren mil ɗaya.

To, batun kuɗi. Ba tsallake layi ne ke kammala tsere ba, sanarwar cewa an gama awo ce. Da sakamakon wannan lokacin ake biya. Sokewar rashin nauyi tana zuwa kafin sanarwar, saboda haka a takarda dokinka bai taɓa cin komai ba. Kuma ba a ɗaukarsa kamar dokin da aka janye kafin a tashi, wanda ake mayar wa mutane uwar kuɗinsu. Naka ya yi gudu, an kore shi, kuɗin sun tafi.

In rabawa ka yi, rabi kan ya ci rabi kan ya shiga gurbi, wato cikin 'yan sahun gaba da ake biya, duka biyun sun faɗi, domin ba sauke shi aka yi zuwa na biyu ba, fitar da shi aka yi gaba ɗaya. In yana cikin tikitin da ka jera dawaki da yawa, ya ja sauran ƙasa. Sauran dawakin kowa ya matsa gaba da taki ɗaya. Wanda ya zuba 10 kan dokin da ya zo na biyu cewa shi zai ci, a farashin 5 bisa 1, zai karɓi 60. A tseren dawaki takwas da ake biyan gurbi uku, mai na huɗu ya shiga. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa yaga tikiti sai sun ji sanarwa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne tayin da kamfanoni da yawa a Birtaniya da Ayalan suke yi, na biyan dokin da ya fara tsallake layi da kuma wanda alƙalai suka ba nasara daga baya. Tayin gaskiya ne, amma don dokin da aka sauke saboda ya tare wa wani hanya aka yi shi. Buɗe shafin sharuɗɗan, za ka tarar an ware abubuwa: dokin da ya ɗauki nauyin da ba daidai ba, jokin da bai koma awo ba, dokin da ya bi hanyar da ba ita ba, da kuɗin da aka zuba tun kwanaki kafin a fitar da jerin ƙarshe. Cacar tukunya, wadda ake tara kuɗin kowa a raba wa masu nasara, da kasuwar musaya irin Betfair, inda 'yan caca ke caca da junansu, su sakamakon hukuma kawai suka sani. Wani kamfanin yakan biya don neman suna in abin ya yi ƙara, amma kyauta ce, ba haƙƙinka ba ne.

Da sokewar ta zo bayan sanarwa, da labarin ya juye. Misali ɗan koyon hawa a Birtaniya ana rage masa laba 7, ko 5, ko 3, gwargwadon yawan nasarorinsa. In bayan kwanaki aka gano ya karɓi ragin da bai cancanta ba, za a ƙwace kyautar daga mai doki, amma abin da aka biya 'yan caca ya zauna, wanda ya zaɓi na biyu kuma ba ya samun ko sisi. Haka ma gwajin ƙwaya da ɗaukaka ƙara.

Don haka duba rahoton alƙalan tseren ka ga dalilin da suka rubuta da lokacin da suka yanke. In tare hanya ne dalilin, kuma kamfaninka yana da tayin biya biyu, kana da magana, ka rubuta musu da lambar tikitinka. In an rubuta rashin nauyi, babu abin da za ka bi.