Ina jinyar maigidana, kuma na ajiye maganin hawan jinina: amsar likita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Jikata ce take rubuta wannan saƙo, ni kuma ina faɗa mata. Shekaruna 66, ina zaune a Kano, kuma shekara biyu ke nan ina jinyar maigidana da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci, ni nake yi masa alwala. 'Ya'yanmu suna taimakawa da kuɗi, amma kowa yana gidansa. Ba don ƙawayena biyu da muke Islamiyya tare ba, da ban san yadda zan yi ba. Ɗaya mijinta ya rasu, ɗayar kuma tana jinyar yayarta makauniya, mukan kama wa juna. Ni ma ina da hawan jini, an ɗora ni a kan amlodipine, amma yana kumbura mini ƙafa. Wata biyu da suka wuce aminiyata, wato mai jinyar yayar tata, ta kawo mini jiƙo a jarka, ta ce mai maganin ya tabbatar yana kashe hawan jini har abada, ita ma shi take sha. Na sha, kaina ya daina ciwo, sai na ajiye na asibiti. Takan kuma ɗebo mini ƙwayoyin da take sha na ciwon gwiwa. Kwanan nan ina jin jiri da nauyi a ƙeya, barci ma ya ƙaurace mini. Tsorona shi ne in faɗi, Malam ya rasa mai juya shi. Kuma ina jin nauyin in ce mata na daina shan maganinta, domin da zuciya ɗaya ta kawo. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da jinya, Allah ya ba Malam lafiya, ya saka miki da alheri. Tsoron da kike ji yana da dalili, saboda haka zan fara da abin da bai kamata ya kwana ba. Yau ɗin nan, ko gobe da sassafe in dare ya yi, ki je a auna jininki a asibiti mafi kusa da ke, kuma ki tafi da jarkar nan da ragowar ƙwayoyin gwiwar da kwalin amlodipine ɗinki, ki ajiye su duka a gaban likita. Idan awon ya kai 180/120 ko ya wuce, ko kuma kika ji bakinki ya karkace, hannu ko ƙafa ta yi nauyi, magana ta sarƙe, ganinki ya dushe, ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya, to wannan ba na jiran safiya ba ne, sai sashen gaggawa kai tsaye, kuma kada a ɗura miki ruwa ko jiƙo a hanya. Ki roƙi a duba ƙodarki da sukarinki da fitsarinki, domin wata biyu ba magani, ga kuma abin da kika sha a kai, sun isa a duba.

Yanzu ki ba ni dama in tsaya a kan maganar da ta kawo ki nan, wadda ita ce nake fama da ita a ɗakin duba marasa lafiya kusan kullum, wato cewa hawan jini yana warkewa, kuma in kai ya daina ciwo to jini ya sauka. Hajiya, wannan magana ta kwantar da mutane da yawa a gadon da Malam yake kai. Irin hawan jinin da ke kama mafi yawan manya ba ya warkewa, riƙe shi ake yi. Maganin kamar dabaibayi yake: dabbar da aka dabaibaye ta tsaya wuri ɗaya ne saboda igiyar da ke ƙafarta, ba don halinta ya sauya ba, ranar da aka kwance kuwa za ta kama gabanta. Idan aka auna ki aka sami 130/80 kina kan magani, wannan shaida ce cewa maganin yana aiki, ba takardar sallama ba ce.

Akwai wani abu game da amlodipine da ke ƙara ruɗa mutane. Magani ne mai daɗewa a jiki, ba ya fita a rana ɗaya, ƙarfinsa yakan ɗauki kwanaki yana raguwa a hankali. Sai mutum ya ajiye shi ranar Litinin, ya fara jiƙo, ya je kemis ranar Laraba a auna a ce masa lafiya lau, ya koma gida yana yi wa mai jiƙo addu'a. Alhali ragowar maganin asibitin ne yake riƙe da shi. Bayan mako biyu ko uku jinin ya koma inda ya fito, a lokacin kuwa ya riga ya daina awo domin ya sakankance ya warke.

Ciwon kai kuma ba ma'auni ba ne. Na sha auna dattijon da ya shigo da ƙafarsa yana raha, ya rako wani ne ma, na sami jininsa ya haura 200, ba ciwon kai ba jiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, dalili kuwa shi ne ba ya yin sallama. Yana nan shiru yana taurara jijiyoyi, yana kumbura zuciya, yana cin ƙoda, har ranar da jijiya za ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu ana iya danganta su da hawan jini. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. A wajenki kuma akwai bayani mai sauƙi na yadda kanki ya daina ciwo: kina shan ƙwayoyin kashe zafi saboda gwiwa, su kuwa ba sa tambayar wane ciwo aka aike su, na kai ma kashe shi suke yi.

Ba na ɓoye fushina ga masu wannan sana'a. Mutum ya ɗora lasifika a kan mota a bakin kasuwa ko a tasha, ko ya sayi fili a rediyo, ya ce jarka ɗaya tana maganin hawan jini da sukari da basir da sanyi da daji, kuma "har abada". Ba ya da na'urar awo, bai taɓa bin wanda ya sayar wa gida ya ga yadda ya ƙare ba, ranar da aka kwantar da mutum ana neman kuɗin wankin ƙoda kuwa motarsa tana wani gari. Jarkar babu rubutun abin da ke ciki, babu adadin da ya kamata a sha, babu ranar lalacewa, haɗin yau ba lallai ya zama irin na jiya ba. Ko wanda yake da lambar NAFDAC ma, ki sa jikarki ta karanta miki kwalin da kyau, za ta ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ba raina itatuwanmu nake yi ba. Zoɓo, alal misali, an bincika an ga yana ɗan rage hawan jini, kuma ba na hana kowa shansa in ba a cika masa sukari ba, amma ragin kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin magani ga mai shekarunki ba. Wanda kuma ya ce miki dogaro da ƙwayar asibiti raunin tawakkali ne, ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani, kuma neman magani ya haɗa da tambayar wanda ya san ciwon.

Kumburin ƙafar da ya sa kika tsani amlodipine sananne ne, kuma da kin faɗa da tuni an gyara. Yakan zo ne saboda maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyi, ruwa ya taru a idon sawu, musamman ga mai shan miligiram 10. Likita zai iya rage shi zuwa 5 ya haɗa miki da wani kamar lisinopril ko losartan, ko ya sauya gaba ɗaya. In lisinopril ya sa ki busasshen tari, shi ma akwai madadinsa. A nan kam laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Tsarin da zai sa tsohuwa mai jinya ta bar gida tun asuba, ta yi layin kati, ta yi layin awo, ta ga likita na minti uku, a rubuta mata maganin wata ɗaya kacal a ce ta dawo, shi ne yake tura mutane hannun mai jarka, wanda shi har ƙofar gida yake kawowa. In jininki ya daidaita, ki roƙi a rubuta miki na wata biyu ko uku, ki faɗa musu ƙarara cewa kina da majinyaci a kwance.

Ƙwayoyin gwiwar nan su ma ki dakata da su har likita ya gani. Galibi diclofenac ne ko ibuprofen ko piroxicam, waɗanda suke ɗaga jini, su raunana ƙoda, su ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, alamarsa kuwa baƙin bayan gida. Sau da yawa irin haɗin da ake ƙullawa a leda yana ɗauke da dexamethasone ko prednisolone, masu sa fuska ta cika mutum ya zaci ƙiba ce, alhali sukari ne yake hawa, ƙashi yana yin laushi. Idan akwai su a ciki kuma kin daɗe kina sha, ba a yanke su rana ɗaya, a hankali likita yake janye su, shi ya sa na ce ki tafi da ragowar. Kafin nan, farasitamol ƙwaya biyu, kada ya wuce sau uku a rana, da man shafawa na gwiwa da gashi da ruwan ɗumi sun fi miki aminci. Ki kuma rage gishiri da ɗunƙulen miya da kanwa, domin duka gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi.

Game da aminiyarki, ba na so wannan ya taɓa zumuncinku ko kaɗan. Matan da suke kama miki jinya a wannan shekaru, su zauna da Malam ki je ki dawo, su kawo miki tuwo ranar da kika kasa ɗora tukunya, wani ɓangare ne na lafiyarki, kuma na ga bambanci ƙarara tsakanin mai jinyar da take da irinsu da wadda aka bari ita kaɗai da bango huɗu. Amma ki lura, ita ma jiƙon take sha, wataƙila ita ma ta ajiye nata maganin, ke nan haɗarin da kike ciki tana cikinsa. Ba sai kin ce mata maganinta ba shi da kyau ba. Ki ce mata, "Yaya, jiri nake ji, zo ki raka ni awo," in kun je ita ma ta miƙa hannu a auna. Abin da na'urar ta nuna zai yi maganar da kike jin nauyin yi.

Tunda ku uku ne, ku yi ɗan adashi ku sayi na'urar awo guda ɗaya, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba, da littafi ɗaya kowa da shafinta. A zauna a jingina baya na minti biyar, hannu a kan matashi daidai ƙirji, ba a ci goro ko an sha shayi ba cikin rabin awa, a auna sau biyu a rubuta da kwanan wata. A gida, in yana yawan kai 135/85 ko sama, a kai littafin asibiti. Ku ci gaba da raba abinci da kuɗi da zaman jinya, amma ku yi alkawari a tsakaninku cewa babu mai ba wata ƙwayarta, domin abin da ya dace da ƙodar wannan yana iya kashe ta waccan.

Juya babban mutum duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya ba aikin mace ɗaya mai shekara 66 da ciwon gwiwa ba ne, balle da dare. Ki tara 'ya'yanki ki gaya musu cewa kuɗi kaɗai bai sauke musu nauyin mahaifinsu ba, su tsara kwana a tsakaninsu ko su ajiye miki jika babba da zai riƙa tashin dare, ke ki sami barci. A sashen gashi na asibiti, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, za a iya nuna musu yadda mutum biyu suke juya majinyaci da zanen gado ba tare da an ɗaga shi da ƙarfin baya ba. Ɗaya daga cikinsu kuma ya je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA, ya tambayi yadda za a yi muku rajista ke da Malam, tunda dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Maganin Malam na hawan jini shi ma kada a kuskura a tsayar da shi ko a ba shi jiƙon nan, domin wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa ya fi kowa kusa da na biyu. Ki kira ƙawarki wadda mijinta ya rasu tun daren yau ta zo ta zauna da shi da safe, babban ɗanki kuma ya zo ya kai ku asibiti ke da aminiyar taki.